Asabar Ɗin da Mai Gwangwan Ya Zo Ɗaukar Motar Baba

Akwai wani bawan Allah da duk unguwarsu ake kira Injiniya, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, ko da don fake wa ruwan sama.

Sunan ya samo asali ne tun yana ɗan shekara goma sha tara. Fankar tsaye ta falonsu ce ta mutu. Ya zauna a ƙasa ya kwance ta, ya hure ƙura, ya mayar, ta ƙi tashi. Yana miƙewa cikin haushi sai ƙafarsa ta daki filogin da ya saki a bango, fanka ta kama juyawa. Daga ranar ya soke sukundireba a aljihun gaba kamar biro, kuma yau shekara talatin da uku bai cire ta ba.

Sana'arsa ta gaskiya sayar da littattafan rubutu da biro. Amma ku yi masa adalci, jama'ar shafin nan. Mutum ne mai kyan tsayi, gashin baki a gyare, in yana bayanin inji sai ka rantse shi ya ƙera shi. Ni dai a ganina an ɗan zalunce shi a labarin nan, amma hukunci naku ne.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai a duniya: a gidansu ba wanda ke ce masa Injiniya. Mahaifiyarsu, Inna, da yayarsa mai ɗinki, Auta suke ce masa. Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya a jami'a, wai Auta.

Mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti. Yana da wata mota otomatik mai launin madara, shi ya sa yaran gidan suka raɗa mata Madara. A cikinta aka kai su makaranta, a cikinta aka kai Inna asibiti ranar da ta karye a hannu, a kujerar bayanta Injiniya ya zubar da tawada ya ce kyanwa ce.

Kowace Asabar da safe Baba yana da hidima da ita. Zai zaga da ita unguwa har inji ya yi zafi, ya dawo ya shigar da ita gareji, ya ɗaga bonet. Sai ya ƙwala kira:

"Wa zai zo ya taka mini birki?"

Injiniya a lokacin ƙwallo ce a gabansa. Da ya ji kiran sai ya bi ta ƙofar baya. Yaya ce ke ajiye wanke-wanke ta zo ta zauna a kujerar direba, da matashi a bayanta don ƙafarta ta kai. Shi kuma sai an kusa gamawa zai dawo, gumi sharkaf, ya karɓi tsumma ya tsaya kusa da Baba daidai lokacin da maƙwabta ke wucewa.

"Kai, yaron nan zai gaje ka," in ji su.

Shi kuma ya yarda da su.

Da Baba ya rasu, shekara huɗu ke nan, ba a ma yi shawara ba. Injiniya ya sa makullin Madara a aljihu ya ce, "Harkar ƙarfe ce, ku bar ta a hannun masu ita."

Kuma kada a ce bai kula da ita ba. Yana wanke ta, yana goge madubi. Duk wata, da sassafe, yakan tura ta waje kan gangaren ƙofar gida inda masu wucewa za su gan shi da kyau, ya zaro gejin man giya, wato siririn ƙarfen nan da ake auna mai da shi, ya duba ya ce, "A cike." Ya mayar, ya karkaɗe hannu.

Sai dai tun bara Madara ta canza hali. In ya sa ta a D, giyar tafiya, sai ta yi shiru kamar tana tunanin ko ta san shi, can sai ta fizga, gam! In ya hau titi, tsakanin giya ta biyu da ta uku inji sai ya yi ta ihu, mota kuwa ba ta ƙara sauri. A hawan gada kuwa abin kunya ne. Ranar nan mai keke ya wuce shi, har ya waiwayo ya ce, "Sannu, Alhaji, ko a tura?"

"Tsufa ne," in ji Injiniya ga duk wanda ya tambaya. "Ƙarfe ma yana gajiya."

Ana cikin haka sai gwiwoyin Inna suka matsa mata, aka yanke shawarar ta koma gidan Yaya da ke can ƙetaren gada. Gidan Baba kuma an samu masu haya, za su shigo ranar Lahadi, kuma suna son garejin. Ke nan zuwa Asabar dole Madara ta fita. Ko ta tafi da ƙafafunta zuwa gidan Yaya, ko masu gwangwan su ɗauke ta su yayyanka.

Ranar Litinin Inna ta tara su biyun a falo, cikin kwalaye da ƙullin kaya.

"Ban hana ku komai ba," in ji ta. "Kun ce in tashi, zan tashi. Amma a motar ubanku zan bar gidan nan. A kujerar gaba, inda na saba zama."

"Inna, ga motar mijin Yaya sabuwa, da sanyi da komai..."

"Auta, na tambaye ka sanyi?"

Injiniya ya shafa sukundirebarsa. "To, ku ba ni kwana biyu."

Ranar Talata ya ɗaga bonet ya yi ta kallon inji yana gyaɗa kai. Ya hangi wata waya da ta taso daga totur ta gangara zuwa akwatin giya, da ɗan noti a jikinta. Ya ce a ransa, ga ɓarauniyar nan. Ya sa sifana ya murza notin sau shida. Da ya fita gwaji, Madara ta ƙi barin giya ta ɗaya har sai da inji ya yi kukan da ya sa mai shagon kusurwa ya leƙo. Da ta canza kuwa, sai da hularsa ta faɗo kan sitiyari.

Ranar Laraba ya ɗauko wani makanike da ake yabo, mai duba mota da kwamfuta. Mutumin ya zo da jakarsa, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba, ya haska fitilar waya, ya sake lalubawa.

"Alhaji, ina ake jona na'ura a motar nan?"

"Kai za ka gaya mini."

"Ai babu wurin. Motar nan ta girmi na'urar, ta ma girme ni." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ka duba mai?"

"Ni kake tambaya ko na duba mai? A cike yake tam!"

"To in dai mai a cike yake kuma tana haka, akwatin giyar ne ya ƙone. Irinsa kuwa ko a kasuwar tsofaffin kaya sai an yi sa'a. Ka haƙura kawai."

Abin mamaki, Injiniya sai ya ji wani sanyi a ransa. In akwatin giya ya mutu, ai ba laifin kowa ba ne. Da yamma ya je shagon ɗinkin Yaya ya ba ta labari, da muryar likitan da ya fito daga ɗakin tiyata.

Yaya ba ta daina taka keken ɗinki ba. Da allura a bakinta ta ce, "Auta, ka duba man?"

"Yaya, don Allah! Kowa mai, kowa mai! Shekara huɗu ina dubawa."

"Yaya kake dubawa?"

"Yadda ake dubawa mana. Ke ki ji da zare da allura. Na taɓa zuwa na ce miki hannun riga ya karkace?"

Ta cire allurar daga baki, ta dube shi, ta mayar da kai kan ɗinkinta. "To, Allah Ya ba da haƙuri."

A daren bai ko yi juyi ba. Washegari ya kira mai gwangwan, suka tsayar da safiyar Asabar. Inna kuwa ya ce sai ranar zai gaya mata, don kada ta kwana da abin a rai. Gaskiyar magana, tsoro yake ji.

Asabar da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, da sarƙa tana lilo a bayanta. Mai gwangwan ya diro, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya shiga gareji yana ƙwanƙwasa jikin Madara da ɗan yatsa.

"Kai, ƙarfen da! Wannan ai nauyinta ya yi na zamani biyu."

Sai ga Inna ta fito tana dogara sanda, sanye da mayafinta na fita, da jakar hannu. Ta dubi sarƙar, ta dubi mai gwangwan, ta dubi ɗanta. Ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin gareji, ta ɗora jakar a cinya.

Da ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Yana cikin haɗa bayanin yadda giya ke ƙonewa, sai ga Yaya ta iso, tef ɗin awo na rataye a wuyanta don daga shago ta taho.

"Mai gwangwan, ka yi mana haƙurin rabin awa," in ji ta. "Auta, tada ta. Zaga da mu unguwa."

"Yaya, ƙwararru sun gama magana."

"Na ji. Zaga da mu dai."

Suka fita a hankali, Madara na fizga tana kuka. Yaya ta kafa kunne kawai, idonta kan allurar zafin inji. Da allurar ta kai tsakiya ta ce su koma. Injiniya ya nufi gangaren ƙofar gida zai tsaya.

"A'a, cikin gareji. Kan siminti, inda yake a shimfiɗe."

Ya shigar, ya kai hannu zai kashe.

"Kada ka kashe! Ja birkin hannu, ka fita ka ɗaga bonet."

Ta zagayo ta zauna a kujerar direba. Ita da ba ta taɓa tuƙa mota ba a rayuwarta. Ta taka birki, ta kama sandar giya, ta ja ta zuwa R.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

Ta ja zuwa N. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

Injiniya na tsaye gaban inji, sai ya kasa kunne. Ya san ƙidayar nan. Ita ce yake jiyowa ta katanga duk Asabar, da siririyar muryar yarinya, lokacin da yake ɗaure takalmin ƙwallo a bayan gida. Bai taɓa tambayar me ake ƙirgawa ba.

Ta bi haruffan duka har ƙasa, ta sake hawowa da su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a P. Inji na ta aiki.

"Yanzu zaro gejin. Goge shi tas. Mayar har ƙarshe. Sake zarowa."

Ya zaro. Ya juya shi. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya sake juyawa.

Ƙarfen a bushe yake. Can a ƙarshen bakinsa ne kawai ɗan ɗigo ya maƙale.

"Wallahi jiya-jiya a cike yake," in ji shi, murya ta yi ƙasa.

"Inji a kashe?"

"E."

"Da sanyin safiya, a kan gangare?"

Ya gyaɗa kai, idonsa kan gejin.

"Haka Baba yake cewa," in ji Yaya. "In inji na kwance, man duk ya gangaro ya taru a ƙasa, geji zai ce maka a cike ko da saura rabi. Sai inji ya yi zafi yana aiki, man ya zaga ya shiga ko'ina, sannan abin da ya rage shi ne gaskiya. Baƙin mai na inji ne ake dubawa a kashe. Wannan na giya ne."

Mai gwangwan ya leƙo ta kafaɗar Injiniya. "Hajiya, makanikiya ce ke?"

"Tela ce," in ji Inna daga kujerarta. "Injiniyan ga shi nan tsaye."

Ku faɗi gaskiya, jama'a, wannan magana ta dace a gaban baƙo?

Inna ta buɗe jakarta ta zaro farin ambulan, ta miƙa. "Ɗiga a nan. Ubanku bai yarda da tsumma ba. Cewa yake mota ma tana da jini, kuma ba a duba jini a kan datti."

Injiniya ya ɗiga ɗigon a kan takardar. Ya bazu, ja mai ɗan duhu.

"Shinshina," in ji Yaya. "Yana ƙauri?"

Ya kai hanci. Babu ƙauri. Wani ɗan wari ne mai zaƙi-zaƙi, kuma nan take ya gane shi. Warin hannun Baba ne ranar Asabar, in ya shafa masa kai ya ce, "An ci ko an sha kashi?" Sai da ya juya baya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

"In bai yi baƙi ba, bai yi ƙauri ba, giya ba ta ƙone ba," in ji Yaya. "Ƙishirwa take ji. Yanzu sai mu san ta ina yake zuba."

Ba a sha wahalar nema ba. A ƙarƙashin motar akwai wani kwali da Injiniya ya shimfiɗa tun bara saboda ɗan ɗigon da yake gani, wanda ya yanke hukuncin tsatsar ruwan lagireto ce. Mai gwangwan da kansa ya kwanta ya leƙa, ya ce wani tiyo ne da ke kai man giya wajen lagireto, ƙarfen da ya ɗaure bakinsa ya saki.

"Wa ke da sukundireba?" in ji shi daga ƙarƙashin motar.

Injiniya ya sa hannu a aljihun gaba, a hankali, ya zaro ta. Bayan shekara talatin da uku, ranar aikinta ta zo. Suka kashe inji, ya kwanta da farar rigarsa a kan siminti, ya ɗaure da kansa.

Mai kuwa ba sai an je saye ba. A kan kantar gareji, bayan gwangwanayen fenti, akwai galan biyu ba a ko fasa ba, da mazurari a kife a kai. A jikin kowanne an manna takarda da rubutun Baba, irin na kwalaben asibiti: "Na giya. Kaɗan-kaɗan. Kada a cika ya wuce."

Suka sake tada inji. Yana zubawa ta bututun gejin, Yaya na ƙirgawa, yana aunawa. Sau huɗu suka yi kafin man ya hau tsakanin layukan biyu.

"Saura abu ɗaya," in ji Yaya. "Ka taɓa wani abu a cikin makon nan? Ɗazu na ji tana riƙe giya fiye da da."

Injiniya ya yi tari. "Na ɗan... daidaita wata waya."

Ya nuna. Yaya ta goge wurin da tsumma, sai ga wani ɗan jan layi a jikin zaren notin, can nesa da inda notin yake yanzu.

Inna ta miƙa wuya, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Jan farcena! Wallahi jan farcena ne! Sabo fil, ƙanwata ta kawo mini. Na neme shi sama da ƙasa, na yi wa Yayarku faɗa a banza. Ashe mutumin nan ne ya ɗauke ya yi wa waya alama, wai don kada wani mai ƙarambani ya zo ya murza bayan ransa."

Duk suka dubi Injiniya. Shi kuma ya duƙufa yana mayar da noti kan jan layi, sau shida, kamar bai ji ba.

Aka kama Inna aka zaunar da ita a kujerar gaba. Yaya ta shiga baya, kusa da tabon tawada. Injiniya ya sa D. Kafin ya ɗauke hannu, Madara ta amsa, a hankali, ba fizga.

Mai gwangwan ya tsaya riƙe da sarƙarsa. "To ni fa? In koma hannu rabbana?"

"Akwai wata tsohuwar fankar tsaye a falo," in ji Inna ta taga. "Ɗauke ta, na ba ka."

Injiniya ya bi mai gwangwan da kallo har ya shige falo.

Suka hau titi. Ɗaya ta ba biyu. Biyu ta ba uku, sumul, har sai ka kasa kunne kafin ka ji. Inna ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Da suka fara hawan gada, Madara ta sauke giya da kanta, ta ja, ta haye. A daidai ƙololuwa Inna ta miƙa hannu ta bubbuga gaban motar sau biyu, yadda Baba yake yi duk lokacin da suka haye wurin.

"Sannu, 'yar albarka," in ji ta, da irin muryarsa.

Suka gangara. Can Injiniya ya gyara hula ya ce, "Ai da ma ni tun farko jikina ya ba ni matsalar mai ce."

"Tuƙa mu dai, Auta," in ji su a tare.

Asabar ta gaba da hantsi, Yaya na shanya ta ji an tada Madara an fita da ita. Bayan ɗan lokaci aka dawo, aka ɗaga bonet. Sai ta jiyo murya daga gareji, ta ƙato mai furfura, da farar takarda ɗaya da ya ɗauko daga shagonsa:

"Yaya! Wa zai zo ya taka mini birki?"

Darasi: Tsayawa kusa da mai aiki don a gan ka ba ya sa ka iya aikin. Wanda ya zauna ya yi haƙuri ya koya tun daga farko, shi ke da ilimin, ko da ba a ba shi suna ba. Kafin ka yanke wa abu hukuncin mutuwa, ka duba ƙaramin abin da kake ganin ka fi ƙarfinsa, kuma in an tambaye ka yadda kake yi, ka amsa, kada ka hau fushi. Masu iyaye a raye, ku je in sun kira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, musamman injiniyan gidanku, don na san kowane gida akwai shi.